Filasta da Fitilun Ɗaka

Yau za mu yi magana a kan filasta, watau farin garin nan da magina a Kano da Zariya suke kira P.O.P., da amfaninsa wajen ƙera gidan fitila.

A birnin Birmingham na ƙasar Ingila akwai wata unguwa da ake kira Sparkbrook, wadda aka gina yawancin gidajenta a ƙarshen ƙarni na 19. In mutum ya shiga falon irin waɗannan gidaje, sau da yawa zai ga wani faifan filasta mai zanen fure manne a tsakiyar rufi, inda fitila take ratayawa. Tun cikin 1802 William Murdoch ya haskaka ma'aikatar Soho ta Birmingham da fitilar gas, daga baya gas ya shiga gidajen jama'a. Fitilar gas kuwa tana da zafi da hayaƙi, saboda haka ana bukatar abin da wuta ba ta ci a bisanta.

To, me ya sa wuta ba ta cin filasta? Asalinsa wani dutse ne mai taushi da ake kira jifsam, wanda ake haƙa a Fauld, arewa da Birmingham, akwai shi kuma a ƙasar Sakkwato. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne a ɗaure. In an gasa shi har zafi ya kai wajen digiri 150, sai kashi uku cikin huɗu na ruwan ya fita, a niƙa shi gari. In an kwaɓa garin, sai ya sake shanye ruwan ya daskare, ya ɗauki siffar mazubin da aka zuba shi ciki. Ran da wuta ta taɓa shi, ruwan nan ne zai riƙa fita kamar tururi, ya jinkirta zafin. Bayan haka farinsa yana watsa haske ko'ina cikin ɗaki ba tare da kashe ido ba.

Amma filasta tsantsa nauyi gare shi, ga saurin karyewa. Cikin 1856 wani Bafaranshe, Leonard Desachy, ya yi rajistar wata dabara a Ingila: a sa algarara da siraran katako cikin filasta, ya zama siriri marar nauyi. Yau akan sa zaren gilashi maimakon algarara, a haɗa da alminiyam. Ƙwan LED kuwa, da yake zafinsa kaɗan ne, ana iya ɓoye shi cikin filastan kansa.

Sai dai akwai abin lura. Cikin Disamba 1913 ba a san wannan ba kamar yadda aka sani bayan shekara ɗari, watau Disamba 2013, sa'ad da rufin filasta na gidan wasan Apollo a London ya rufto wa 'yan kallo, mutane da dama suka ji ciwo, domin igiyoyin algarara da ke riƙe da shi sun tsufa sun ruɓe.

Saboda haka, mai gida, kada ka yarda a rataya fitila mai nauyi ko fanka a jikin filasta. A ɗaure ta a katakon rufi ko ƙarfe. In kwano yana yoyo, a gyara shi tun kafin damina, gama danshi shi ne babban abokin gaban filasta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.