Mena da masu horar da ita: baƙo raɓa, ɗan gari kaba

Daga Yamai har Matamai, duk inda aka zauna hirar ƙwallo, da wuya a tashi ba a taɓo wannan tambaya ba: wa ya kamata a damƙa wa Mena, ɗan ƙasa ko baƙo? Tarihin masu horar da ƙungiyar ya isa ya ba mu haske.

A 2009 ne hukumar FENIFOOT ta ɗora Haruna Dula Gabde bisa kujerar. A lokacin Nijar ba ta taɓa leƙa gasar cin kofin Afirka, wato CAN, ba. Wajen neman shiga gasar 2012 aka haɗa ta da Masar, mai riƙe da kofin, da Afirka ta Kudu da Saliyo. Mena ta sha kashi a dukkan wasanninta na waje, amma duk wanda ya taka filin Seyni Kunce sai ya koma da kunya. Masar ta sha 1 da 0 a Oktoban 2010, da ƙwallon Musa Ma'azu. Saliyo ta sha 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. Ranar ƙarshe ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo, suka hau rawa a fili, alhali doka Nijar ta ba gurbin. Hukumar CAF ta zaɓi Dula gwarzon masu horo na 2011.

Sakayyar da ya samu a gida ita ce abin mamaki. Ana gab da gasar aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Mena 2 da 0 a wasan farko, sai mai shawara ya zama mai gida. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi! Sauyin bai hana Tunisiya da Maroko yin galaba ba, kuma watanni kaɗan bayan haka Courbis ya kama gabansa.

Aka ɗauko Gernot Rohr, wanda shi ne ya jagoranci Gabon ɗin da ta doke mu. A ba shi haƙƙinsa: ya fitar da Gine, ya kai Mena gasar 2013, inda canjaras da Kwango Kinshasa ya ba Nijar makinta na farko. Ya ajiye aiki a 2014. Ƴan kasuwarmu masu zirga-zirgar Daura da Kano sun san shi sarai, domin ya riƙe Super Eagles daga 2016 zuwa 2021.

Bayansa aka yi François Zahoui na Kodibuwa, da Jean-Guy Wallemme, da Jean-Michel Cavalli, babu wanda ya sake buɗe ƙofar CAN. Badou Zaki na Maroko, da ya zo ƙarshen 2023, ya kusa: a Nuwamban 2024 ya lallasa Sudan 4 da 0, ya ci Gana 2 da 1 a Akara, amma maki ɗaya ya raba shi da gasar 2025.

Dula fa? A gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida da aka buga a Aljeriya farkon 2023, shi ne ya doke Kamaru da Gana, ya kai Nijar matsayi na huɗu.

Ba muna cewa baƙo ba shi da amfani ba. Amma ɗan kasuwar da yaronsa ya kawo masa riba, ya karɓe makullin shago ya miƙa wa wanda bai san farashin kasuwa ba, kada ya zargi kowa in ciniki ya tsaya. Wanda ya san filayen Damagaram da Maraɗi, ya san yaran tun suna buga ƙwallo babu takalmi, ya cancanci irin haƙuri da albashin da ake ba na ƙetare.