Kafin ka biya kuɗin waccan Ford ko Chevrolet, dakata

Dillali zai nuna maka Ford Focus ko Chevrolet Cruze tana sheƙi, kujerunta tsaf, farashinta kuma ƙasa da na Corolla sa'arta. Ɗan'uwa, kada ka miƙa ko sisi tukuna. Araha ba ta ado, kuma wannan arahar da dalilinta.

Fara da giya. Focus ta 2012 zuwa 2016 da Fiesta ta 2011 zuwa 2016 masu otomatik suna ɗauke da giyar da ake kira PowerShift. Tana karkarwa idan za a tashi, tana fizga, wani lokaci ta ƙi shiga kana tsakiyar titi. A Amurka masu motocin sun haɗu sun maka Ford a kotu har aka yi sulhu aka biya su. Kai da ka saye ta a Kano ko Kaduna, wa zai biya ka? Kulocinta da na'urar da ke sarrafa ta ba aikin kowane makanike ba ne. Wanda hannunsa ya saba da Toyota zai yi ta lalube da kuɗinka. Ita kuwa Cruze mai injin 1.4 ta yi suna wajen yoyon ruwa, kuma a zafin watan Afrilu injin da ruwansa ya tsiyaye ba ya jiran ka kai gareji.

Su kansu kamfanonin sun janye hannu. An daina ƙera Chrysler 200 a 2016, Ford Fusion a 2020, Chevrolet Malibu a 2024. Kayan Corolla za ka tsinta a Ƙofar Ruwa ko Panteka kafin la'asar. Na waɗannan sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, ko a yi oda daga waje da dala, motar tana jibge tana shan ƙura.

Abin da ya fi tayar min da hankali ya wuce kuɗi. A 2024 Ford ta ce a daina tuƙa Fusion ta 2006 zuwa 2012 muddin ba a canja mata jakar iska ta kamfanin Takata ba, domin tana iya fashewa ta watsa wa na cikin motar ɓaraguzan ƙarfe a fuska. Wasu motocin kuma daga gwanjon Copart da IAA aka kwaso su bayan hatsari ko ambaliya. An wanke, an yi fenti, amma wayoyin ciki suna ci gaba da ruɓewa.

Saboda haka karɓi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka duba tarihinta a shafin Carfax, ka duba a shafin hukumar NHTSA ta Amurka ko akwai gyaran da kamfani ya kira ba a yi ba. Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa da laka. Je da makanikenka, ba na dillali ba, ya sa mata kwamfuta. Tambayi kuɗin giyarta a kasuwa tun yau. Idan mai ita ya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan, bar masa motarsa.