Elinor Ostrom, Malamar da Ta Koyi Ilimi a Wurin Makiyaya da Masunta

A shekarar 1968 wani masanin halittu ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya wallafa maƙalar da ta zama tamkar doka a jami'o'i. Ya ce duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta, filin kiwo ne ko daji ko tafki, ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai kwashi iya ƙarfinsa kafin wani ya riga shi. Maganin da aka gano biyu ne: ko gwamnati ta karɓe, ko a yanka a sayar wa masu kuɗi.

Wadda ta rusa wannan magana ita ce Elinor Ostrom, macen da aka haifa a Los Angeles a 1933, ta tashi cikin rashi, tana fama da in'ina. A makarantar sakandare an hana ta zurfafa a lissafi. Da ta nemi karatun digirin digirgir a fannin tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya, sai aka ce ai ba ta da lissafi. Ta koma kimiyyar siyasa, ta kammala a 1965, da bincike kan yadda mazauna kudancin Kalifoniya suka sasanta kansu a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa lokacin da ruwan gishiri na teku ya fara kutsawa cikin rijiyoyinsu. A wannan shekarar ta koma Jami'ar Indiana tare da mijinta Vincent, inda suka kafa cibiyar bincike a 1973.

Hanyarta ita ce ta gani ya kori ji. Ta tattara rahotanni daga sassan duniya, wasu wuraren kuma ta taka da ƙafarta. A ƙauyen Törbel na Siwizalan, tun 1517 akwai ƙa'idar cewa kada mutum ya kai shanu kiwo kan dutse fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a lokacin hunturu, kuma filin bai mutu ba. A Alanya ta Turkiyya, masunta kimanin 100 ne suka gaji da rikici, suka rubuta sunayen wuraren kamun kifi. Kowane Satumba a jefa ƙuri'a, kowa ya san inda zai fara, kashegari ya matsa wuri na gaba ta gabas. Daga Janairu a juyo yamma. Da haka wuri mai albarka yake zagayowa kan kowa, kuma mai jiran layinsa shi ne mai gadi, ba sai an biya wani ba. A Nepal kuwa, hanyoyin ban ruwa da manoma suka gina da duwatsu da laka sun fi na gwamnati masu siminti kai ruwa ga gonakin da ke can ƙarshe.

Labarin Törbel da na Alanya ta zuba a littafinta Governing the Commons na 1990. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi wa talaka kirarin banza ba. Ta kawo wuraren da tsarin ya rushe, ta nuna dalili: tsari ba ya ɗorewa sai iyaka ta fito fili, masu amfani da dukiyar suna da baki a ƙa'ida, horo yana farawa da sauƙi kafin ya tsananta, sulhu ba ya da tsada, hukuma kuma ba ta zuwa ta take abin da suka tsara.

A 2009 aka ba ta kyautar Nobel a fannin tattalin arziki tare da Oliver Williamson, mace ta farko da ta samu, a fannin da ya taɓa rufe mata ƙofa. Kuɗin kyautar ta bai wa cibiyarsu. Ta rasu ranar 12 ga Yuni, 2012, sakamakon ciwon daji, Vincent ya bi ta kafin watan ya ƙare.