KACICI-KACICIN TARIHI A AJI: WA YA KAWO BATUN MULKIN KAI?

Idan ƙarshen zangon karatu ya ƙarato, jarrabawa ta doso, akwai wata dabara da malaman tarihi kan yi don bitar abin da aka koya. Maimakon malam ya tsaya gaban allo yana ta zuba, yara suna gyangyaɗi, sai ya raba ajin kashi uku ko huɗu, kowane kashi ya zaɓi shugabansa, a ja layi a allo don rubuta maki, a ba wani yaro agogo, sa'an nan a shiga kacici-kacici. Wanda ya wuce ta bayan taga a irin wannan rana sai ya ɗauka kasuwa ce ke ci. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara, ran nan sai ka gan shi tsaye yana rantsuwa shi ya san amsa.

Wannan wasa ba abin rainawa ba ne, musamman in aka tuna halin da darasin tarihi ya shiga a ƙasar nan. Daga shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka daina koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, har yara da yawa suka gama makaranta ba su san wane ne Herbert Macaulay ko Sa'adu Zungur ba. A watan Nuwamba 1922 ba mu nufi ba, a watan Nuwamba na 2022 ne Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da darasin a Abuja, ta kuma ce za a horar da malamai 3,700, watau ɗari daga kowace jiha da Babban Birnin Tarayya. To, mayar da darasi cikin jadawali abu ne mai sauƙi. Sa yaro ya so shi kuwa, nan aikin yake, kuma nan ne kacici-kacici ke da rana.

YADDA AKE YIN WASAN

Ka'idojin ba su da wuya. Malam ya kan jefa tambaya ga kashi ɗaya, ya ba su rabin minti su haɗa kai su yi shawara, shugabansu ya miƙe ya ba da amsa. In sun ci, maki biyu. In sun faɗi, tambaya ta wuce ga kashi na gaba, wanda in ya ci zai sami maki ɗaya. Wanda ya yi katsalandan ba a kira shi ba, a zare wa kashinsa maki.

Zagayen farko na shekaru ne da sunaye. Wace shekara Sarkin Legas Dosunmu ya sa hannu a takardar ba da garinsa ga Ingila? 1861. A ina Gwamna Lugga ya kafa tuta ran 1 ga Janairu 1900? A Lakwaja. Yaushe aka haɗe Kudu da Arewa? Ran 1 ga Janairu 1914. Wa ya zana tutar Nijeriya? Taiwo Akinkunmi, lokacin yana ɗalibi a Landan. Wa ya wakilci Sarauniyar Ingila a filin sukuwa na Legas ran 1 ga Oktoba 1960? Gimbiya Alexandra.

Malami mai wayo ya kan ɗana tarko a tsakani. Misali ya ce, wane ne Gwamna-Janar a ranar da aka sami mulkin kai? Nan take yara za su ce Dakta Azikiwe, su faɗi. Bature ne, Sir James Robertson. Azikiwe bai hau wannan kujera ba sai ran 16 ga Nuwamba 1960, sa'an nan ya zama Shugaban Ƙasa ran 1 ga Oktoba 1963, sa'ad da Nijeriya ta zama jamhuriya. Yaron da tarkon nan ya kama sau ɗaya ba zai sake mantawa ba har tsufansa.

TAMBAYAR DA KE TA DA ƘURA

Amma akwai tambaya guda wadda in malam bai yi hattara ba sai wasa ya koma tsiya, musamman a makarantun Agege, ko Sabon Badun, ko Abakpa ta Inugu, inda 'ya'yan Hausawa ke zama benci ɗaya da 'ya'yan Yarabawa da Ibo. Tambayar ita ce: wa ya kawo batun mulkin kai a majalisa? Amsar da aka saba ji ita ce Anthony Enahoro, a 1953. Daga nan sai a jefo ta biyu: su wa suka ƙi yarda? A ce 'yan Arewa. Shi ke nan, an ba da maki an wuce. Amma duk ajin ya juyo yana kallon yara biyar ko shida da ke can gefe, kuma maganar za ta bi su har filin wasa, a ce kakanninsu ne suka so Turawa su zauna. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Ko dai ya sunkuyar da kai, ko ya kai hannu.

Amsar nan ba ƙarya ba ce. Gutsure ce daga dogon labari, kuma malami ne ya kamata ya kawo sauran.

Ga yadda abin ya faru. Ran 31 ga Maris 1953, Enahoro, ɗan jam'iyyar AG wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba, ya kawo batu a Majalisar Wakilai ta Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, jagoran NPC, ya miƙe ya kawo gyara, ya ce a cire shekarar, a sa cewa za a karɓi mulki da zarar hali ya yi. Wakilan AG da NCNC suka fice daga majalisa. Da wakilan Arewa suka fito, jama'ar Legas suka yi musu ihu da ature. Suka koma gida da ɓacin rai, har suka fitar da sharuɗɗa takwas waɗanda kusan sun kai ga raba ƙasa. A watan Mayu kuwa, da Cif Akintola ya jagoranci tawagar AG zuwa Kano, faɗa ya ɓarke kwana huɗu, aka rasa rayuka fiye da 30. Wannan rikici ne ya sa aka kira taro a Landan a shekarar, aka fito da tsarin mulkin tarayya na 1954, inda kowace jiha ta sami gwamnatinta da Firimiyanta.

Batun Enahoro dai bai wuce ba a 1953. Akintola ya sake kawo wani a 1957, Remi Fani-Kayode ya kawo nasa a 1958, na ƙarshe kuwa, wanda ya tsayar da ran 1 ga Oktoba, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya kawo shi a watan Janairu 1960. Jihar Yamma da Jihar Gabas sun karɓi mulkin kansu a 1957, Jihar Arewa ta karɓi nata ran 15 ga Maris 1959. Ashe tambayar da aka ba maki biyu tana da amsa huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu ɗan Bauci ne.

ME YA SA SUKA CE A DAKATA?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta fi kowace yawan maki. Makarantar sakandare ta farko a ƙasar nan, ta mishan a Legas, an buɗe ta a 1859. A Arewa kuwa sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, Kwalejin Katsina kuma sai a 1922. Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka taƙaita shigar mishan ƙasashen Musulmi, su kuma ba su gina makarantun gwamnati da za su isa ba. Sakamakon haka, a 1953 'yan Arewa masu digirin jami'a ba su cika yatsun hannu ba. Shugabannin NPC suna tsoron in Bature ya tafi a 1956, duk ofisoshin Kaduna da Kano za su koma hannun ma'aikata daga Kudu, a fita daga wani mulkin a faɗa wani. Su kuma 'yan Kudu suna ganin ba dalili a ɗaure ƙafar mai gudu don jiran mai tafiya. Yaro na iya yarda da wannan hujja ko waccan, amma dole ya san su duka biyu kafin ya yanke hukunci.

Har wa yau, ba dukan Arewa ce ta bi ra'ayin NPC ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta ja da Turawa da En'e gaba ɗaya, ta kuma ƙulla ƙawance da NCNC. Malam Sa'adu Zungur ya riƙe sakataren NCNC a Legas. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama. Waɗannan sunaye sun cancanci shiga takardar tambayoyi kusa da matan Aba na 1929, da Funmilayo Ransome-Kuti ta Abekuta, da ma'aikatan kwal 21 da 'yan sanda suka harbe a Inugu ran 18 ga Nuwamba 1949.

KOWA YANA DA NASA

Zagaye na biyu, wanda ake yi da katuna, shi ya fi dacewa da wannan aiki. A rubuta sunayen sarakuna a wasu katuna, wuraren da aka kai su a wasu, a ce yara su haɗa. Jaja na Opobo, an kama shi a 1887 aka haye teku da shi, ya rasu a 1891 a hanyar dawowa. Oba Ovonramwen na Binin, an ci garinsa a 1897, ya rasu a Kalaba a 1914. Sarkin Kano Alu, an ci Kano a watan Fabrairu 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926. Sarkin Musulmi Attahiru kuwa bai yarda an kama shi ba, ya faɗi a fagen fama a Burmi a watan Yuli 1903. In yara suka jera katunan nan a kan tebur ɗaya, da idonsu za su ga cewa sanda ɗaya ce ta daki kowa.

Ɗaya gefen ma kada a ɓoye shi. Ƙaramar rundunar da Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ita ce tushen sojan Nijeriya, Hausawa ne. Sun yi wa Turawa yaƙin Ijebu a 1892. Rundunar da Lugga ya aika Kano da Sakkwato kuwa, Turawan cikinta 'yan ƙalilan ne, yawancin masu riƙe da bindigogin Hausawa ne da Yarabawa. Saboda haka babu ƙabilar da za ta nuna wa wata yatsa. In ka nuna da ɗaya, sauran suna kallonka.

KIRA GA MALAMAI DA IYAYE

Abu na farko, malam shi zai raba yara da kansa. In ya bar su suka zaɓi juna, kowa zai bi ɗan unguwarsu, a wayi gari kashi ɗaya Hausawa zalla, ɗaya Yarabawa zalla, maki kuma ya zama na ƙabila. A gauraya su, yadda sai ɗan Sabo ya ceci kashinsa da sunan Burmi, 'yar Ijebu ta cece shi da 1892.

Na biyu, a ajiye zagaye na uku don tambayoyin dalili, a ba su maki biyar, a kuma ba kowane kashi minti uku. Me ya sa Lugga ya haɗe Kudu da Arewa? Nan yara za su gano cewa baitulmalin Arewa ba ya isarta, Ingila ke cika mata, Kudu kuwa tana da kuɗin kwastan na bakin teku. Me ya sa matan Aba suka tashi? Domin sun ga ana ƙirga su da dabbobinsu, suka tabbata haraji ne ke tafe. Haddar shekaru ta kan zube bayan jarrabawa da mako guda, amma dalilin da yaro ya yi gardama a kansa da abokansa ya kan zauna.

Na uku, iyaye su ma suna da aiki. In yaro ya dawo gida ya ce yau an yi kacici-kacici, kada a tsaya ga tambayar ko kashinsu ya ci. A tambaye shi abin da aka ce game da 1953, a ji ko an ba shi labarin duka ko gutsure. In gutsure ne, ga sauran nan mun kawo, sai a karanta masa, gobe ya koma aji da abin faɗa.