Yadda Ake Raba Yaro da Raina Kai

Ba a haihuwar mutum da raina kai, koya masa ake yi. Yaron da ya tashi yana jin "daƙiƙi" a gida da makaranta, ko "ɗan ƙauye" ranar da ya shiga Sakkwato, a hankali yakan yarda, har ya daina ɗaga hannu a aji. Yabon banza ba ya warkar da wannan. Abin da ke gina mutum shi ne a ba shi aikin da zai iya, ya gani da idonsa ya gama, sannan a ƙara masa wani.

Ƙasar Rima ta daɗe da sanin haka. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta zauna a Wurno, ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa daga ƙauye, ta karantar da ita ta hanyar waƙoƙi, ta naɗa ta jaji da malfa da jan rawani, ta mayar da ita gida ta koyar da 'yan'uwanta mata. Matar da ba a cika neman shawararta ba, sai ga ta malama. A ganina, amanar da aka ɗora mata ta fi malfar tasiri.

Shi ma Sardauna, haifaffen Rabah, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, amma rashin bai tsayar da shi ba: a 1954 ya zama Firimiyan Arewa.

Iyaye da malamai a Goronyo, Wurno da Rabah, in yaro ya yi kuskure a gyara aikin, kada a zagi mai aikin. A yankar masa ɗan fegi a fadama, ya shuka albasarsa, ya kula da ita da kansa.