Bangon Wa, Bakin Wa?

Duk wanda ya taɓa kashe kuɗinsa ya shafe katangar gidansa da siminti, ya sa mata fenti, ya san takaicin wayar gari a tarar an yi mata rubutu. Wani lokaci yaran unguwa ne da gawayi, sun rubuta sunan kulob ɗin ƙwallonsu. Wani lokaci lambar wayar mai haƙa rijiyar burtsatse ce ko ta mai yashe shadda, jan fentin yana tsiyaya har ƙasa. In kakar zaɓe ce kuwa, fasta kan fasta za ka gani an manna da sitati, fuskar wanda ba ka ko goyon bayansa tana yi wa masu wucewa murmushi daga bangonka. Shi ma maigidan yakan ɗauko burushi ya rubuta "Ba a fitsari a nan" ko "Wannan gida ba na sayarwa ba ne". Hukumar tsara birni kuma takan zo da nata jan fentin ta ɗora alamar rusau. Hannu biyar ke nan a bango guda, kowanne yana ganin yana da hujja.

Wa ke da iko da fuskar katangar da ke kallon titi? Mai gidan da ya gina ta, ko mai zanen da ya ƙawata ta, ko hukumar da ke kula da tsabtar gari? An sha jan wannan gardama a gaban alƙali a Amurka, kuma shari'o'in da aka yi a can suna warware zaren sosai.

Rubutun bango da fentin feshi, wanda Turawa ke kira girafiti, ya yi ƙarfi a birnin Niyok tun farkon shekarun 1970. A 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani saurayi ɗan aike da ke rubuta laƙabinsa, TAKI 183, a duk inda ya bi, sai samari suka ɗauka. Kafin ka ce kwabo, taragun jirgin ƙasa na birnin sun rufe da rubutu ciki da waje. Magajin gari John Lindsay ya ɗaura yaƙi da abin a 1972, amma sai 1989 hukumar jiragen ta iya cewa babu sauran tarago mai rubutu da ke ɗaukar fasinja. A wannan ɓangaren doka ba ta da wani ruɗani. Wanda ya fesa fenti a dukiyar wani ba da izininsa ba ya yi ɓarna, ko da zanen ya fi na kowa kyau. 'Yancin faɗin albarkacin baki ya hana gwamnati toshe maka baki, bai mallaka maka bangon maƙwabcinka ba.

Inda lissafi ya rikice shi ne lokacin da mai bango ya ce na yarda. Wani attajiri mai harkar gidaje, Jerry Wolkoff, yana da wata tsohuwar masana'anta a unguwar Long Island City ta gundumar Queens. Tun shekarun 1990 ya bar masu zane suna aiki a bangonta. A 2002 ya danƙa kula da wurin ga wani mai zane, Jonathan Cohen, wanda ya sa masa suna 5Pointz, don gundumomi biyar na birnin. Cohen ya kawo tsari: shi ke raba wa kowa gefensa, wani zanen a bar shi kwanaki a shafe wani ya hau, wani kuma da ke can sama ya shekara da shekaru. Masu zane suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban, 'yan yawon buɗe ido na tururuwa, fasinjojin jirgin ƙasa mai lamba 7 na leƙowa ta taga duk lokacin da jirgin ya gifta.

A 2013 Wolkoff ya yanke shawarar rushe ginin ya ɗora benayen haya. Masu zanen suka garzaya kotu, amma alƙali Frederic Block ya ƙi ba da umarnin dakatar da shi. Kafin alƙalin ya fitar da rubutaccen dalilinsa, a daren 19 ga Nuwamba 2013, Wolkoff ya turo leburori da farin fenti suka bi bangon suka shafe. Da gari ya waye, aikin shekaru ya koma fari fat, launuka na leƙowa ta ƙarƙashin fentin kamar tabo.

Ginin nasa ne, babu mai ja. To amma akwai wata doka da majalisar Amurka ta yi a 1990 don kare haƙƙin masu zane da sassaƙa. Ta ce zanen da ya yi sunan da masana da jama'a suka shaida, ba a lalata shi haka kawai, ko da mai zanen ba shi ne mai bangon ba. Idan zanen mai ciruwa ne, wajibi ne mai gini ya ba da sanarwar kwana 90 don mai shi ya zo ya kwashe abinsa. Wolkoff bai ba da ko kwana ɗaya ba, alhali rusau ɗin ma bai soma ba sai a watan Agustan 2014. Sauri ya haifi nawa. A watan Fabrairun 2018 alƙali Block ya yanke cewa da gangan ya yi, ya ci shi tarar ƙarshe da doka ta yarda: dala dubu 150 kan kowane zane, zane 45, jimilla dala miliyan 6 da dubu 750, a raba wa masu zane 21. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2020, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren ƙarar. Ba a hana shi rushe gininsa ba, ga benayen can a tsaye yau. Abin da ya biya kuɗinsa shi ne ya gayyato mutane da bakinsa, sannan ya shafe guminsu cikin dare ba sallama.

Saura hukuma. Garuruwa da yawa a Amurka suna da dokar da ke tilasta wa mai gida ya goge rubutun da aka yi masa cikin 'yan kwanaki ko a ci shi tara, wato ga mari ga tsinka jaka. Birnin Chicago ma hana sayar da fentin feshi ya yi baki ɗaya a 1992. Hujjarsu ita ce rubutu ɗaya in aka bar shi yakan jawo goma, unguwa ta yi kama da wadda ba ta da masu ita. Amma hukuma ma tana da iyakarta, kuma shari'a uku sun shata ta.

A 1990, ana shirin yaƙin Tekun Fasha, wata mata mai suna Margaret Gilleo a garin Ladue na jihar Missouri ta kafa allon adawa da yaƙin a ƙofar gidanta. Aka ce mata dokar gari ta hana alluna a gidaje, don kada su ɓata kyan unguwa. Ta koma ta manna 'yar takarda a tagar benenta, aka ce ita ma haramun ce. A 1994 alƙalan Kotun Ƙoli tara, baki ɗaya, suka ba ta gaskiya. Dalilin da alƙali John Paul Stevens ya kawo abin lura ne: saƙon da mutum ya rataya a gidansa yana nuna wanda ke maganar, kuma hanya ce mai arha ga wanda ba shi da kuɗin sayen fili a jarida ko rediyo.

Shekara goma kafin nan, a 1984, kotun ta goyi bayan birnin Los Anjalis da ya ciccire allunan kamfen ɗin wani ɗan takarar kansila, Roland Vincent, daga turakun wutar lantarki. Turakun na jama'a ne, dokar kuma ta hau kan kowa ba tare da duba abin da allon ya ƙunsa ba. A 2015 kuwa garin Gilbert na jihar Arizona ya sha kaye a hannun wani fasto, Clyde Reed, saboda dokar garin ta ba allunan siyasa girma da tsawon kwanaki, ta kuma taƙaita allunan da ke nuna hanyar zuwa cocinsa zuwa 'yan sa'o'i. Ma'aunin ke nan. Hukuma na iya tsara girman allo, da wurin kafa shi, da tsawon zamansa. Amma in sai ma'aikaci ya karanta rubutun kafin ya san ko zai goge, to abin ya tashi daga share gari ya koma tace magana. Mutanen Dar'a a Siriya sun ga ƙarshen wannan hanya a 2011, lokacin da aka kama wasu yara saboda rubutun adawa da gwamnati a bangon makaranta, aka azabtar da su, zanga-zangar neman sakinsu ta zama mafarin yaƙin da ya cinye ƙasar.

Mu ma bango ba baƙon magana ba ne a wurinmu. Wanda ya zaga cikin birnin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, zai ga yadda magina suka ƙawata fuskar gidaje da dagi da takobi, daga baya har da keke da agogo. Maigida ne ke gaya wa duniya matsayinsa da abin da hannunsa ya kai, amma shi ya kira maginin, shi ya biya shi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayi a sashe na 39, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Jadawali na huɗu ya sa kula da tallace-tallacen kan titi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar ke nan a takarda. A aikace, kowa ya san fastocin da ake yagewa da safe da waɗanda ake bari har rana ta kodar da su.

Saboda haka, saurayin da Allah ya ba hannun zane, ya yi sallama ya nemi izini, ya ji tsawon lokacin da za a bar masa aikinsa, in da hali a rubuta a sa shaidu. Mai gidan da ya amsa, ya tuna alƙawari kaya ne, ranar da zai shafe ya faɗa tun da wuri. Ɗan takarar da ke neman ƙuri'ar mutum, ya fara da tambayarsa kafin ya manna masa fuskarsa a ƙofar gida, bayan zaɓe kuma ya turo yaran da suka manna su kankare. Shugaban ƙaramar hukuma da ya fito da ma'aikata share gari, jama'a ba jawabinsa za su saurara ba. Bango za su duba, su ga ko fastar jam'iyyarsa ma ta sauka tare da ta 'yan adawa.