Idan 'Yarka Ta Ce Ta Gaji Da Rayuwa



Idan ka ga 'yarka budurwa ta rage cin abinci, barci ya gagara, ta ƙaurace wa ƙawaye sama da mako 2, kada ka yi saurin cewa aljanu ne ko raunin imani. Damuwa ciwo ce kamar hawan jini, samari ma tana kama su.

Ku zauna ku biyu, ban da tsawa, wa'azi ma ba yanzu ba. Ka saurare ta. Ka tambaye ta ƙarara: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta cusa mata tunanin. In ta amsa, kar a bar ta ita kaɗai. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyi daga gidan.

In kuwa ta riga ta sha guba, don Allah kar a ɗura mata manja ko madara, kar a sa ta amai, yana iya sauka huhu. A ruga asibiti mafi kusa da kwalbar.

Ni kaina ruƙiyya nake yi, amma irin wannan asibitin ƙwaƙwalwa nake turawa, Dawanau a Kano ko Kware a Sakkwato. Addu'a kuma kar a daina.

Allah ya tsare mana zuri'a.